Darakta Sa-a-yi da Gorar Ruwa

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare a zamanin nan, bai hau benen kamfanin kwanon rufi ya ga Babban Darakta ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar da ba kowa ke samu ba: bai taɓa yin abu da hannunsa ba. Ƙofar mota buɗe masa ake yi, waya kara masa ake yi a kunne, takalmi ma sai dai ya miƙa ƙafa. Shi ya sa ma'aikata, saboda tsabar ƙauna, suke kiransa Sa-a-yi, amma sai ya ba da baya.

Abu ɗaya ya yi da kansa tsawon shekaru, shi ne ci, kuma ya yi shi tsakani da Allah. Tumbin ya kai matsayin da shi ke fara shiga ofis, Darakta ya biyo baya. Da wa'adinsa ya kusa cika, sai ya ji ƙishin-ƙishin masu hannun jari suna cewa jiki ya yi masa nauyi, gara a ba mataimakinsa kujerar a babban taro mai zuwa. Kujerar nan kuwa ita ce ransa. Sai ya yi abin da ya saba, ya sa aka yi. Ya kwanta, likita ta yi masa tiyatar rage ciki, ya farka ya tarar an gama. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba.

Ranar sallama likita ta zaunar da shi. Ta ce cikinsa yanzu bai fi kofin shayi ba. Ruwa sai kurɓi-kurɓi, daga safe har dare, ba kwankwaɗa ba, kuma kada ya haɗa shi da abinci. In an kawo abinci ya fara da mai gina jiki, ƙwai ko kifi ko kaza, ya tauna sosai. In ya yi wasa, jikin zai koma cin naman kansa, gashi ya zube, jiri ya kayar da shi.

"'Yata," in ji Darakta, "ni da nake juya kamfani guda, gorar ruwa ce za ta gagare ni? Za a duba lamarin."

Aka kuwa duba. Da ya koma aiki ya ga bai kamaci mai muƙami ya yini da gora a baki kamar jariri ba, sai ya danƙa ragamar shan ruwan a hannun sakatariyarsa, da umarnin kada a tashi aiki gorar ba ta ƙare ba. Ta kawo da safe ya ce yana nazari. Ta kawo da rana ya ce yana da baƙi. Da yamma ya ɗaga gira ya ce, "An gama da batun ruwan nan?"

Baiwar Allah tana da yara a makaranta, ba ta shirya neman wani aikin ba. Ta dubi wata shuka da ke cikin tukunya a bakin taga, wadda ta daɗe da fid da rai, ta juye mata.

"An gama, ranka ya daɗe."

"Madalla. Haka nake son aiki."

A gida uwargida ta duƙufa, ta dafa ƙwai, ta cire wa kifi ƙaya, ta niƙa kaza. Darakta ya leƙa faranti ya ce wannan cimar majinyata ce, a san yadda za a yi da ita. Kyanwar gidan kuwa ta san yadda za a yi. Shi dai biskit yake so a jiƙa masa a shayi mai sukari, don yana wucewa ba sai an tauna ba, tauna kuma aiki ne.

"Baban yara, don girman Allah ko cokali biyu," in ji uwargida. Tsoro take ji na gaske, don ta ga wuyansa ya fara yawo a cikin riga.

"Ke ba ki san sha'anin mulki ba," ya ce. "An riga an ɗauki mataki."

Mataki kuwa ya yi kyau. Shukar ofis ta miƙe ta yi kore shar, har ta fara leƙen titi. Kyanwa ta yi ɓul-ɓul, hawa katanga ya gagare ta. Darakta ya rame, leɓe ya tsage, gashi ya riƙa kwana a kan matashi ba ya tashi tare da shi. In jiri ya ɗebe shi sai ya ce zurfin tunani ne. Fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ya ce dama na manya ba ya zama irin na kowa.

Ranar babban taro ya shigo cikin sabuwar kwat, mutane suka yi ta kallo, shi kuma ya ɗauka sha'awa ce. Ya hau mumbari ya gyara murya.

"Ku dube ni da kyau. Abin da na yi wa tumbina, shi zan yi wa asarar kamfanin nan. Shugabanci horon kai ne. Ni ban taɓa barin ƙaramin abu ya wuce ni ba."

Nan harshe ya manne masa a ganɗa. Ga kofin ruwa a gabansa, miƙa hannu kawai zai yi. Ya dubi kofin, ya waiga yana neman wanda zai sa, sakatariya kuwa tana can ƙarshen zaure. Yana cikin waigen ɗakin ya juya, fitilu suka haɗe, ƙafafu suka ajiye aiki ba tare da sanarwa ba. Mataimakin nasa shi kaɗai ya ɗauke shi kamar naɗaɗɗiyar tabarma.

Ya farka a gadon asibiti, ledar ƙarin ruwa tana ɗiga a hannunsa. Ya bi robar da kallo, fuskarsa ta washe.

"Likita, ashe da wannan tsarin kika ɓoye min? Ruwa yana shiga, ni ina kwance. A mayar da shi na dindindin."

"Gobe za a cire, ranka ya daɗe," ta ce. "Ka koma kan gorarka."

Uwargida tana gefe da ɗan kwanon ƙwai da cokali. Ya tambaye ta yaya taro ya ƙare. Ta ce an ƙarasa lafiya, an ba mataimaki kujera, har ya sa an kwashe kayan ofis an kawo gida.

Abin ya soki Darakta, idonsa ya so ya kawo hawaye, sai dai babu ruwan da za a yi su da shi. Can ya ce, "Duka suka kwashe? Ba su bar ko hotona ba, don tarihi?"

"Hoton yana falo," ta ce, tana miƙa masa cokalin a hannunsa. "Shukar nan kaɗai sabon Darakta ya ce a bari. Wai duk ofishin ita ce ta ci gaba a zamaninka."