Yadda Sunayen Intanet Suka Cinye Tunkiyar Innata

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safiyar wata Talata ba. Ina zaune a layin gaba a aji, a jami'a a Tawa, sai tarhona ya fara rawa a cikin jaka. Ya yi sau ɗaya, ya sake, ya sake, har malamin ya dubo ni ta saman tabarau. Ni da ko tari ba na yi a aji.

Shekara guda kafin nan na karanta cewa akwai masu sayen sunayen shafukan intanet su ajiye, in wani kamfani ya zo yana son sunan sai su sayar masa da tsada. Na ce wannan sana'a tawa ce: ba rumfa, ba ciniki, ba haɗa ido da kowa. Na tattara abin da na rage daga burs, wato kuɗin tallafin karatu, na sayi sunaye talatin da 'yan kai, duk na abubuwan ƙasarmu: albasa, tabarmar Madawa, kilishi, cuku. Shekarar farko araha suke kamar kyauta. Ta biyu ce ke da haƙora, domin suna haya ake yi, duk shekara sai ka biya, in ba haka ba ya fita hannunka. Don kada ko ɗaya ya kuɓuce mini, na danna wani ɗan akwati da ke cewa su riƙa cire kuɗin da kansu daga katina. (Na ma yaba wa kaina a ranar, na ce ga mai tsari.) Ranar ƙarewarsu na haddace ta, sai ƙarshen wata, bayan burs ta fito. Ban san kamfanin da ke ba da hayar yana cire kuɗinsa tun da sauran makonni ba. Rawar tarhon nan saƙonnin cire kuɗin ne, suna bayan suna.

Kuɗin da ke cikin katin a ranar kuwa ba nawa ba ne.

Innata ta rasu da damina. Tana da ƙawa a Garhanga, Inna Habsu, wadda suke biki tun suna amare: in ɗaya na da suna ko aure, ɗayar ta kawo gudummawa, in nata ya tashi a mayar mata da ƙari. Lokacin auren yayata Inna Habsu ta yi bajinta. Saboda haka Inna ta ware tunkiya guda tana kiwo, ta ce ta auren autar Habsu ce. Ko a kwanakinta na ƙarshe sai da ta maimaita mana. Da aka sa ranar auren, Baba ya sayar da tunkiyar a kasuwar Karofane, ya turo mini kuɗin in sayo kwanuka da turmin zane a Tawa. Ni kuma, saboda ana yawan ɗauke-ɗauke a ɗakunan kwananmu, na zuba su a kati don su tsira.

Sun tsira daga ɓarayi kam. Kafin malami ya gama darasi, tunkiyar Inna ta zama hayar sunaye.

Na rubuta wa kamfanin roƙo cikin Faransancin da ban taɓa yin mai kyaunsa ba. Na'ura ta amsa mini cewa za a duba. Aure kuwa Juma'a ne. Ban iya gaya wa Baba ba, ban kuma iya roƙon kowa ba. Ni ko biro ba na iya ara. Da ɗan abin da ya saura na sayi kwano ɗaya mai murfi, na naɗe shi a jarida har sau uku (wai don ya yi girma), na hau mota.

Shirina shi ne in sulale ɗakin Inna Habsu in yi mata bayani mu biyu. Amma a tsakar gida an baza tabarmi, mata sun cika, zabiya tana tsaye tana ɗaga kayan kowa tana shelarsa. Tana hango ni ta canza murya.

"Ku ba da hanya, ga ɗiyar margayiya! Uwa ta tahi, alkawali bai tahi ba. Tunkiya guda anka sayar, kowa ya sani. Taho ɗiyata, sauke muna kaya."

Wasu har sun fara share hawaye. Ta karɓi ƙunshin, ta warware jarida, ta warware, ta warware. Ta ɗaga kwanon, ta buɗe murfin ta leƙa. Sannan ta duba bayana ko akwai mai ɗauke da saura.

"Sauran na mota?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ranar nan bakina ya buɗe. Na ciro tarho na fara yi wa matan Garhanga darasi a kan sunayen intanet. Na ce dukiya ce. Na ce wata rana Turawa za su zo neman sunan albasa. Har na riƙa nuna musu jerin sunayen.

Wata tsohuwa ta ce, "To su sunayen nan, haihuwa suke?"

"A'a, Iya. Jira akai a samu mai saye."

"An samu?"

"Tukuna."

"Amma ci suna ci."

"Duk shekara," na ce.

Wata ta yi dariya a bayan mayafi, aka zungure ta. Inna Habsu ta taso ta karɓi kwanon daga hannun zabiya, ta goge shi da bakin zanenta, ta shige ɗaki da shi. Na bi ta, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, za ki jira ni in kawo? Kada Innata ta kwanta da nauyin wani bisa kanta."

Ta juya tana gyara kayan amarya.

Wannan juya bayan na ɗauka na koma Tawa da shi. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Allah shi kyauta," ya daina tambayata labarin karatu. Kamfanin ya amsa bayan mako biyu, cikin ladabi, cewa ba a mayar da kuɗin sabuntawa. Na shiga na cire alamar da ke cikin ɗan akwatin nan. Har yau ba a taya ko suna ɗaya ba. Abin da na koya dai, duk abin da ke ci yana zaune, ko ba shi da baki, a fara tanadar masa abincinsa kafin a shigo da shi gida, kuma kada a ajiye amanar wani inda zai iya kai hannu.

Na fara koyar da yaran wani gida lissafi da yamma, ina tarawa. Da hutu ya zo na ɗauki abin da na samu, wanda bai kai rabin tunkiya ba, na je Garhanga. Na tarar da Inna Habsu tana tankaɗe a inuwa. Bayan gaisuwa na ajiye kuɗin a gefen tabarma, na sake yi mata tambayar nan, kaina a ƙasa.

Ta daɗe tana buga rariya. Sannan ta tura mini kuɗin da bayan hannu.

"Ɗauki abinki. Wajen Allah na yahe ma Innarki tun ranar da anka kai ta makwancinta, ba ta kwance da nauyin kowa. Amma kar ki biya ni. In kinka biya, mun gama ke nan ni da ita. Bar ni ina bin ta bashin, shi kaɗai ya rage muna."