Hoton Iya da Malama Irene

"...da gajiyar taro?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ya mutanen Gwarzo? Ya babanka da ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Iya. Yana gaishe ki."

"Ina amsawa. To gaisuwar ta isa haka, maigida. Miƙo hotuna."

Safiyar Litinin ce, ina durƙushe a ƙofar ɗakin kakata Halima Sa'adiya a Kabo, wadda duk muke kira Iya. Ita ta haifi babana. Tun ina rarrafe take kirana maigida, ni kuma ina ce mata amarya, kuma ba mu taɓa zama mun tashi ba tare da wani ya sha tsiya ba. Sai dai ranar na zo da laifina a rataye a wuya.

Ni sana'ata sayar da taki da irin shuka. Wata guda da ya wuce na sayo kyamara ta hannu a Kano, tun ban gama sanin maɓallanta ba na sa aka rubuta "Zailani Mai Hoto" a bayan babur ɗina. Ranar Asabar aka yi walimar bankwana da Malama Irene, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a firamare, katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Iya. Iya ce ta hana a ɗauko mai hoto daga waje, ta ce jikanta ya isa. Ga shi a ranar Litinin ɗin nan, bayan azahar, motar kaya za ta zo ta tafi da Malama garinsu Zonkwa.

Na ce, "Amarya, hoto ba ƙosai ba ne da za a tsamo miki da zafinsa. Sai an wanke."

"Kwana biyu kana wanki, bargo ne? Ai na ga a bayan abar ake kallo, kamar talabijin. Kunna."

"Idonki ba zai gani ba."

"Idon da ya ga ubanka tun yana jinjiri? Miƙo mini tabarau."

Na miƙa mata, na kunna, na matsa gefe yadda maficinta ba zai same ni ba.

Ta ƙura wa na farko ido. "Wannan fa? Buhunan gawayi aka jera?"

"Malaman makaranta ne."

"Gobara suka yi?"

"Taga ce a bayansu. Rana ta shigo ta nan, sai kyamara ta bi hasken ta manta da mutanen."

"Ita ta manta ko kai?"

"Haɗuwa muka yi muka manta."

"Banza ta kori wofi. Wuce." Na danna na gaba. Ta ce, "Wannan tumbin na san shi, na hedimasta ne. Ina kansa?"

"Yana wuyansa, Iya. Ni ne dai ban ɗauko ba."

"Bawan Allah ya sha sabuwar hula, tun safe yake gyara mata zama, ka zo ka fille masa kai. Ko mahauci yakan yi bisimilla kafin ya yanka."

"Ai na yi. A zuci."

"Waɗannan masu fuska uku-uku kuma mutanen ɓoye ne?"

"'Yan aji shida ne suna waƙa. Ajin da duhu, ga su suna motsi, ga hannuna yana rawa."

"Kai aka ce ka yi waƙar da hannunka zai yi rawa?"

"Yunwa ce. Matar da nake aure ba ta san karin kumallo ba."

"Mijin da bai san cefane ba ai sai dai ya karya da hamma."

Muka ci gaba a haka har muka iso kan wani da ya fito tas. Farantin shinkafa ne da cinyar kaza, har maiƙon yana sheƙi. A bayansa akwai wasu inuwoyi biyu kamar hayaƙi.

Iya ta gyaɗa kai. "To, wannan kam ya yi. Su waye a bayan nan?"

Na sosa ƙeya. "Ke ce da Malama."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ashe kyamara ma ta san abin da ke ran mai ita."

"Ku na auna, Iya, wallahi. Ita ce ta zaɓi kazar."

"Kowa da abokin tafiyarsa. Wannan mai jan idon fa, kamar mage a rumbu?"

"Ke ce. Filashi na kunna."

"Ni ko mayya?"

"Kyamara ba ta ƙarya, amarya. Abin da muka daɗe muna zargi ne ya fito fili."

Ta kai mini duka da maficin da ke hannunta, na goce. Ta yi dariya har tana tari. Da ta lafa sai ta ce, "Bar wasa. Nuna mini na lokacin da ta rungume ni."

Abin da nake gudu ke nan tun daga Gwarzo. A ƙarshen walimar an ba Malama lasifika, ta ce ranar da ta sauka Kabo da akwati ɗaya, ba ta san kowa ba, Iya ce ta fara miƙo mata tuwo ta kan katanga. Daga nan ta ajiye lasifikar. Ta sauko ta rungume Iya a gaban kowa, mata suna ta share ido. Ni kuwa na ɗaga kyamara, na danna, sai gilashin ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Batir ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa. Me ya kashe shi?"

"Aiki."

"Wane aiki? Yankan kawuna?"

"Tun a hanya na fara gwaji. Na ɗauki awaki, na ɗauki gonar dawa, na ɗauki babur ɗina."

"Sau nawa?"

"Babur ɗin? Zai kai sittin. Kuma duk wanda na ɗauka sai na tsaya na kalla, na yaba wa kaina."

"Sannu, gwani. Ai sai ka wanke na babur ɗin ka ba Malama ta tafi da shi, ta rinƙa tunawa da mu."

Ta faɗa ne da sigar wasa, amma ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta ajiye a kan cinya, ta juya tana kallon katangar.

"Shekara talatin da ɗaya, Zailani, ba mu da hoto ko ɗaya ni da ita. Kullum cewa muke ai muna tare. Da kakanka ya rasu, duk tsawon takabata ita ke yi mini cefane, ta taso daga makaranta ta zauna da ni har la'asar. Ni da ƙafafun nan ba zuwa Zonkwa zan yi ba. Ita ma ba yarinya ba ce."

In Iya ta kira sunana na yanka, to wasa ya tsaya. Na sunkuyar da kai.

"Shi ya sa ban zo jiya ba, Iya. Wurin Mista Edwin na je, tsohon mai situdiyon nan na Gwarzo. Na tare shi yana dawowa daga coci, na nuna masa duka."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi har sai da aka kawo masa ruwa."

"Mutumin kirki. Sannan?"

"Sannan ya zaunar da ni har yamma. Ya ce haske a fuskar mutum ake sa shi, ba a ƙeya ba. In kuma rana ta yi tsaka, in kai mutane inuwa, in bar filashi ya huta."

Ta mayar da tabarau, na ga bakin tsiyarta ya fara dawowa. "Wannan har sai an ɓata yini wurin mai situdiyo? Ka taɓa ganin mai tsintar shinkafa ta shiga lungu?"

"Ya ce in manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙe numfashi. In danna maɓallin rabi, in jira ta kama fuskar ta yi ƙara, sannan in ƙarasa dannawa."

"Haka ake zura zare a allura. Da ka tambaye ni da na koya maka kyauta."

"Da na tambaye ki da har yanzu ina shan gori."

"Yanzu me kake sha, fura?"

"Ya kuma ce in daina laɓewa a bayan taro ina zuƙo mutane daga nesa. Wai mai hoto ba ya kunya, in matso kusa."

"Wannan kam gado ne. Kakanka shekara guda ya yi yana laɓewa a bayan kukar gidanmu kafin ya iya yi mini sallama."

"Ai hango abin da zai shiga ya yi."

"Ya shiga kuma ya ji daɗi, ja'iri. Gawar batir fa, an binne?"

"Ya farfaɗo, ya kwana a caji. Mista Edwin ya ara mini na biyu."

Ta dube ni tana aunawa. "Wanda ya fasa tulu ranar Asabar, shi za a sake aika rafi ranar Litinin?"

"Shi ya fi kowa sanin inda santsi yake, amarya."

Ta dafa bango ta miƙe. "Ɗauko mini mayafin nan mai ruwan toka. In ka yanke mini kai yau, da hannuna zan goge rubutun nan na bayan babur."

Mun tarar da gidan Malama Irene an gama ɗaure kaya. Katifu a jingine, kwalayen littattafai a tsakar gida, ɗakuna sai amsa kuwa. Ta fito tana share hannu da gefen zani. Ita ta koyar da ni a aji uku lokacin ina zaune wurin Iya, har yau in ta dube ni sai in ji kamar ban yi aikin gida ba.

Ta ce wa Iya, "Yaya, kin kawo mana mai hotonmu?"

"Na kawo miki mahauci dai. Ki riƙe kanki da kyau."

Na faɗa wa Malama gaskiya, tun daga babur har batir. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Wanda ya faɗi jarrabawa ai maimaitawa yake yi. Ina za mu tsaya?"

Na kai su gindin mangwaron da ke jikin katangar, na juya su yadda hasken zai sauka a fuskokinsu. Na matso har sai da Iya ta ce ko ƙirga mata furfura zan yi. Suka tsaya ƙiƙam, hannu a gefe, fuska a murtuke.

Na ce, "Amarya, saki fuska. Ba hoton katin zaɓe ba ne."

"In na saki fuska haƙora za su fito."

"Guda nawa suka rage da za su tsorata mutane?"

"Sun isa su cije ka."

Malama ta tuntsire da dariya, Iya ta biye mata, na danna. A cikin dariyar mayafin Iya ya zame. Malama ta kai hannu ta gyara mata, sai hannun ya tsaya a kuncin Iya bai sauka ba. Dariyar ta ɗauke. Suka tsaya suna kallon juna.

Na manna gwiwa a haƙarƙari, na riƙe numfashi. Gaskiya ban ga ko fuskokin sun fito ba, don nawa idon ma ya kawo ruwa. Ƙarar kyamara kawai na saurara, na ƙarasa dannawa, na sake, na kuma sake. Ban leƙa gilashi ba sai da suka saki juna.

Muka zauna a kan wani kwali, su biyu suka haɗa kai a kan kyamarar. Ga kawunansu cikakku, ga hannun Malama a kuncin Iya, har hawayen da ya taru a idon Iya bai zubo ba ya fito. A baya kuma ga katangar.

Sun daɗe suna kallo. Malama ce ta fara magana. "Ka wanke biyu, manya. Ɗaya ka ba direba ya kawo mini Zonkwa, ɗaya a rataye wa Yaya." Ta share ido ta dube ni. "Bakwai bisa goma."

Na ce, "Ukun fa, Malama?"

"Na hedimasta ne. Sai ka mayar masa da kansa."

Iya ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ka tsufar da ni."

"Haka na same ki."

"Kyamarar dai ta yi ƙoƙari."

"Da kaza ta fito ni kika zarga. Yanzu abu ya yi kyau, kyamara ce?"

"To me kake so, a yi maka guɗa?"

"Ki ce maigida ya iya. Kalma uku, ba za su ƙone miki baki ba."

Ta harare ni, ta harari kyamarar, sai murmushi ya ƙwace mata. Ta kwance bakin zaninta ta fito da farin goro guda, irin wanda take ɓoyewa ko babana ba ya gani. Ta ɓare shi biyu, ta auna su a tafin hannu, ta miƙo mini ƙaramin.

Na ce, "Rabi, Iya?"

"Rabin gwani, rabin goro." Ta juya ta danƙa wa Malama ɗaya ɓarin, ta rufe mata hannu da nata. "Wannan na hanya ne."

Ni da ba na cin goro, nan take na jefa shi a baki. Da ɗaci, amma na tauna shi tas.