Kun Ga Gudu?

Saura kwana biyu ɗalibai su zo jarrabawa daga Zurmi da Shinkafi aka kawo sabuwar saba, wato uwar kwamfutocin cibiyarmu ta Ƙauran Namoda. Kamarsu ɗaya da tsohuwar. Aikina kawai in zare faifan da ke tayar da tsohuwar, in zura wa sabuwar.

Malam Sani, mai kula da ɗakin kwamfutocin, ya ce, "Injiniya, sa musu alama mana."

Na ce, "Ni? Shekarata shida da injin nan!"

Na zare faifan, na tafi sallar azahar, na dawo na zura shi. Ta tashi. Na tara kowa, har Hajiya shugabarmu, ina dukan tebur: "Kun ga gudu? Sabo daban ne!"

Hajiya ta ce Malam Sani ya kai tsohuwar sito. Ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Hajiya, wagga tsohuwa ko ledar bayanta ba a ɓare ba."

Ashe inda na zaro faifan na mayar da shi.

Kafin la'asar na gyara, bayan kwana biyu ɗalibai suka yi jarrabawarsu lafiya. Amma har yau, ko akuya ce ta gifta ƙofar cibiyar, sai wani ya ce, "Injiniya, ka ga gudu?"