Yelwa Ta Sha Ruwan Kan Sarki

"Lafiya lau, ya gwiwar? Tsohuwa, ina takardun da na jiƙa a ƙwarya?"

Iyakar gaisuwar da Malam Labaran ya yi wa kakarsa Yelwa ke nan, ko tsugunawa bai yi ba. Shekara bakwai yana tara kan sarki, 'yan hotunan nan da ake manna wa ambulan a gidan waya. Daga Wudil har Kano babu akawun da bai roƙa tsohuwar ambulan ba. Da safe ya jiƙa masu kyau daga cikinsu don su rabu da takarda, domin da su zai koyar da 'yan aji shida gobe. Ya taso daga makaranta ya tarar da ƙwarya wayam. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Kai maigida, haka ake gaida amarya? A tsaye kamar mai karɓar haraji?"

"Amarya mai haƙori biyu? Ina kayana?"

"Rubutun kake nufi? Na shanye."

"Kin me?"

"Tas, da bisimillata. Marowaci! Ka samo rubutu wajen malaman birni ka ɓoye, ni ina fama da gwiwa tun damina."

"Wa ya ce miki rubutu ne?"

"Takarda a ruwa, cikin ƙwarya, an rufe da faifai. In ba rubutu ba, fura ce?"

"Rashin sani ya fi dare duhu! Danƙon gidan waya kika sha, da yawun duk wanda ya lasa ya manna!"

"Ko yawun wa ne, gwiwa dai ta saki. Ka gani." Ta miƙe ƙafa ta naɗe.

"Akwai masuntan Argungu a ciki, da matatar mai, da Baturen da ya taka wata."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Da wane tsani ya hau?"

"Yelwa, don girman Allah, takardun fa? Kin haɗa da su?"

Da ta ji ya kira sunanta, sai ta san wasa ya kai iyaka.

"Ni akuya ce? Abu mai rubutu ai ba a barinsa kaji su taka."

Ta shiga ɗaki ta fito da zanenta na Salla a ninke, ta warware a kan tabarma. Ga su nan reras, sun bushe sun miƙe, babu wanda ya yage. Labaran ya zube a gefenta, ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala ta fi a ƙirga. Sai kuma ya lura da yadda ta jera su.

"Wa ya ware miki su haka?"

"Sai an koya min? Dabbobi garkensu daban, masu sana'a layinsu daban, masu hayaƙin nan na kai su can gefe kada su dame mu."

"Abin da na yi mako ina tunani ke nan. Gobe ke za ki shiga aji."

"Albashinka ba zai iya biyana ba." Ta ɗora yatsa a kan guda ɗaya. "Wannan mai tukwanen kuwa ba zan bayar ba. Irin ginin da uwata ke yi ne a Indabo, rabona da ganinsa tun ina budurwa."

Labaran ya dubi kan sarkin, shi kaɗai gare shi irinsa. Ya dubi tsohuwar, ya yi dariya.

"Riƙe abinki, amarya. Sadakinki ke nan."