Hoton Marlys Ya Ƙi Zama a Waya

"Lafiya lau nake, kafin ki shigo," in ji Baba, ko juyowa bai yi daga gaban kwamfuta ba.

"Ni ma ba don kai na yi tuƙin awa uku ba, tsoho. Don Kaka Marlys na zo."

Tessa ke nan, 'yata, da mahaifina Orville. Tun tana rarrafe suke wannan tsiya. Kwana tara da rasuwar mahaifiyata Marlys, ranar Asabar za a taru a coci a tuna da ita, Baba kuwa ya kafe shi zai haɗa shafin intanet da za a tura wa dangi, da hotonta da lokaci da adireshi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jera haruffa a ɗakin buga jaridar garinmu, bai ga abin da zai gagare shi ba. Ni ina tsaye da kofi a hannu, ba wanda ya nemi ra'ayina, kamar kullum.

"Zo ki ga aikin manya," ya ce. "Komai a miƙe."

A babban allonsa kam a miƙe yake. Tessa ta buɗe shafin a wayarta ta miƙa masa. Kalmar Asabar tana sama, ƙarfe biyu ya gangara can ƙasa shi kaɗai, hoton kuma an datse shi daga wuya. Maɓallan rigar Mama kawai ake gani.

"Wayarki ce ta lalace. Kamar mai ita."

"Haka zai fito a wayar ƙannen Kaka Marlys duka huɗu. Tsaya ma, da me ka tura rubutun nan tsakiya?"

"Da maɓallin ba da tazara mana."

"Sau nawa ka danna?"

"Sittin da huɗu a layin farko. Na ƙirga. Ku 'yan yanzu ko yatsunku ba ku iya ƙirgawa."

"Kaka, kowane allo da faɗinsa."

"Takarda ba ta taɓa canja faɗi a hannun mai karatu ba. Abin da na jera da safe shi ake karantawa da yamma."

"Shi ya sa ake naɗe kifi da ita."

Ta tura wa kanta adireshin shafin don ta ga yadda saƙon zai isa wa mutane. Ɗan hoton da ya biyo shi ba na Mama ba ne. Baba ne a bakin tafki riƙe da wani ƙaton kifi, hoton da ya fara ɗorawa na gwaji ya manta.

"Kifi ne na ji da gani," ya ce.

"Dangi za su ɗauka shi ya rasu. Ko kai."

"Da ni ne na rasu, da kakarki ta san yadda ake yin komai."

Tessa ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta shiga goge tazarar layi bayan layi, yana kallo kamar ana cire masa haƙori.

"Zan rage gefen hoton, fuskarta ta zauna a tsakiya."

"Kar ki taɓa gefen. Hannunta yana can a kafaɗata."

Ta bar gefen yadda yake. Ta sa hoton ya riƙa ƙanƙancewa daidai da kowane allo, ta cire hoton kifin, ta sake turawa. Mama ta fito cikakkiya, ƙarama, da hannun da komai.

Baba ya daɗe riƙe da wayar.

"Ya ɗan karkace hagu."

"Hannunka ne ke rawa, tsoho."

Ya yi dariya, gajeriya, ta farko da na ji tun kwanciyar Mama a asibiti. Ya buɗe aljihun tebur ya zaro rula ta ƙarfe, wadda ya yi aiki da ita tun kafin a haife ni, ya ajiye a gabanta.

"Tura musu. Wannan kuma ki tafi da ita, ba ta auna komai a nan."