Rasuwar Doña Casilda, Sabar Bayan Shago

Cikin baƙin cikin da ya cika zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Sama, Don Eufemio Taveras, mai shagon fotokwafi da buga katin biki a titin kasuwar Nagua, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan ciniki, musamman waɗanda har yanzu suke amsa gaisuwarsa, rasuwar sabarsa, Doña Casilda. Ta cika ranar Talata da ƙarfe uku saura kwata na rana, a ɗakinta na bayan shago, bayan doguwar jinyar da kowa ya san da ita ban da mai jinyar. Shekararta goma sha ɗaya a hannunsa.

Ga waɗanda ba su san ta ido da ido ba, marigayiyar kwamfuta ce baƙa, irin wadda ake kira saba, tsayinta ya kai gwiwar mutum, ba a kashe ta ko ran Lahadi. A cikinta shafukan intanet ashirin da uku na mutanen garin nan suke zaune, tare da akwatunan imel ɗinsu. Duk wanda ya buɗe shafin otal ɗin bakin teku daga wata ƙasa, ƙofar Casilda ya ƙwanƙwasa, ita ce kuma ta tashi ta buɗe masa.

A cikin ganga ta iso daga New York. Surukin Don Eufemio ne ya turo ta, a tsakanin buhun shinkafa da galan ɗin mai da takalman yara. An ce a can ta yi aiki a wajen wani likitan haƙori, amma shekarunta na gaskiya ba wanda ya sani, ba wanda kuma ya yi rashin kunyar tambaya. Ranar da aka fara kunna ta, ta ce "hmmmmm," ba ta daina ba. Matar gida, Doña Nereida, ta leƙo daga kicin ta saurara, ta ce, "Tsoho, ai goggonka Casilda ce ta dawo. Ita ma haka take wuni tana gunaguni." Sunan ya zauna daram.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta ga guguwar teku har sau biyu. A ta biyun ruwa ya shigo shago har idon sawu, aka ɗora ta a kan teburin domino, dattawa huɗu suka yi kwana uku ba wasa saboda ita, kuma har yau ɗaya daga cikinsu bai yafe ba. Ta sha iskar gishiri, ta sha hayaƙin mai suyar kifi na maƙwabta, ta sha ɗauke wuta sau uku a wuni. Kyanwar gidan ta mayar da saman Casilda gado don ɗumi, ba ta taɓa korar ta ba. Ta san abin da ke cikin akwatin kowa a garin nan, har da wasiƙun da wasu magidanta ba za su so a karanta a gaban matansu ba, amma ba a taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakinta ba sai "hmmmmm."

Kowace safiya Don Eufemio yakan zauna da kofinsa, ya buɗe allon sarrafawa, wato shafin nan mai maɓallai da 'yan sanduna masu launi, inda ake duba lafiyar saba a kuma ba ta umarni. A nan yake buɗe wa mutane sabon akwatin imel, a nan yake canza wa mai otal kalmar sirri duk ranar Litinin don ba ta zama a kansa. Ya yi imani cewa maɓallan allon sun fi ɗari, amma likita nagari uku yake buƙata. Na farko shi ne na kashewa da sake kunnawa. Na biyu shi ne na share tarin rahoton da saba take rubutawa a kan ciwonta, wanda bai taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Na ukun shi ne wanda yake dannawa duk lokacin da allon ya ce akwai sabuntawa: “Tuna min an jima.” Shekara shida ya yi yana danna shi, da aminci irin na mai ibada.

Ba za a ce bai iya aikin ba. Akwai shekarar da takardar shaidar tsaro ta shafin coci ta ƙare, duk wanda ya buɗe sai wayarsa ta gargaɗe shi da jan rubutu cewa wannan wurin ba amintacce ba ne. Padre Leoncio ya zo da kansa, yana haki.

"Ɗana," in ji shi, "shekara talatin ina wa'azi a garin nan. Yau waya ce take gaya wa mutane su guji cocina?"

"Zauna, Padre, sha ruwa. Aiki ne mai haɗari, amma zan gwada."

Maɓalli ɗaya ya danna jan rubutun ya ɓace. Ya bar Padre yana zaune minti arba'in tukuna kafin ya gaya masa, don kada aikin ya yi arha a idonsa. Wata guda ya yi yana ba da labarin a teburin domino, kullum aikin yana ƙara wuya.

Ciwon ajali ya fara a hankali. A kusurwar allon akwai sanda mai nuna yadda faifan ajiya ya cika. A da koriya ce. Ta koma ruwan ɗorawa ta yi shekara uku a haka. Tun bayan Ista ta zama ja. Don Eufemio ya ɗora laifin a kan Yuderka mai shagon gyaran gashi, wadda takan ɗora hoto arba'in na kai ɗaya, gaba da baya da gefe. Da jan ya fara hana shi jin daɗin kofinsa, sai ya yanko 'yar takarda ya manna a wannan kusurwar ta allon. Tun daga ranar hankalinsa ya kwanta.

Muryar marigayiyar ma ta canza. A cikin "hmmmmm" ɗin sai a ji "ƙit, ƙit," kamar ana taɓa gilashi da farce. 'Yarsa Dilenia, injiniya ce a Santiago, duk zuwanta Kirsimeti sai ta tsaya a ƙofar ɗakin ta kasa kunne.

"Baba, faifan nan mutuwa yake yi. Ka bari in mayar da shafukan nan sabar haya, ko ka sayi sabo."

"Ke da aka haifa jiya? Gyaran murya take yi."

"To kana ajiye kwafi dai ko?"

"Kullum. Da kanta ma take yi, ni na saita ta."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan sanarwa tana so a rubuta masa hakan.

Ranar Talatar, da misalin ƙarfe biyu, Doña Brunilda Paulino ta sauka daga bayan ɗan acaɓa a ƙofar shagon. Ita ce shugabar ƙungiyar manoman koko, wanda ake cakulan da shi, gidaje ɗari da arba'in ne a ƙarƙashinta, kuma tun tana budurwa ba a san ta da magana biyu ba. Ƙungiyar ta yi shekara biyu tana neman wani mai saye daga Beljiyam. Ya amince, ya ce zai aiko da takardar yarjejeniya ta imel, a sa hannu a mayar kafin Juma'a, in ba haka ba jirgin ya ɗauki kokon wasu. Sau uku yana aikowa wasiƙar tana komawa gare shi.

"Eufemio, Baturen nan ya kira ni a waya. Wai akwatinmu ya cika. Wane irin akwati ne ba ya cin takarda ɗaya?"

"Ƙaramin abu ne, Doña. Ki zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Koko yana shanye a rumfa, mutanena suna kallon bakina."

Ta tsaya a kansa. Ya danna maɓallin farko, Casilda ta kwanta ta tashi da kyar. Ya danna na biyu, ba abin da ya canza. Doña Brunilda ta sa farce ta ɓare 'yar takardar da ke kusurwar allon.

"Wannan jan fa? Casa'in da tara cikin ɗari na mene ne?"

Magungunansa biyu sun ƙare, na ukun kuwa ba magani ba ne. Daidai nan allon ya sake kawo tambayarsa ta kullum a kan sabuntawa. Don Eufemio ya dubi matar nan, ya tuna gidaje ɗari da arba'in, ya ga ya kamata a gan shi yana yin wani babban abu. A karo na farko cikin shekara shida ya danna “Sabunta yanzu.”

Casilda ta ɗauki nauyin shekara shida a lokaci ɗaya. Fankarta ta yi kuka irin wanda ba a taɓa ji ba, kyanwa ta diro ta gudu. Aikin ya kai kashi arba'in da ɗaya sai aka ɗauke wuta.

Akwai batiran da aka tanada domin irin wannan rana. Don Eufemio ya jira su karɓa, ba su karɓa ba. Ya bi wayar batiran da hannu har kicin, ya same ta a jikin firizar Doña Nereida.

"Nereida! Wa ya cire wayar nan?"

"Ni. Tun watan jiya. Ƙanƙarata ce take narkewa, ita kuwa goggonka me za ta narke?"

Bayan minti ashirin wuta ta dawo. Ya durƙusa a gabanta ya danna. Ta ce "ƙit, ƙit, ƙit." Ta ce "tiit" sau uku, a hankali. Daga nan ɗakin ya yi shiru, shirun da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha ɗaya. Doña Brunilda, wadda ta binne miji da 'yan uwa biyu, ta gane abin da ya faru kafin shi. Ta yi alamar gicciye, sannan ta ce, "Kira 'yarka."

Dilenia ta iso Laraba da hantsi a motar haya. Ta kwance murfin, ta fito da ƙura cikin tafi biyu, da gashin kyanwa, da busasshiyar tsaka guda ɗaya. Ta jona faifan a kwamfutarta, ta saurara, ta girgiza kai.

"Ya tafi. Ba komai, kawo kwafin mu dawo da komai. Yana ina?"

"Yana ciki."

"Cikin ina, Baba?"

Ya nuna gawar da haɓa.

Sai da ta zauna a kan kwalin takarda. Da ta yi masa tambayoyi aka gane yadda abin yake. Kullum Casilda takan kwafe duk abin da ke cikinta ta ajiye a cikinta, washegari ta kwafe har da kwafin jiya. Abin da ya cika ta ke nan. Iyalan suna amfani da wannan dama su wanke Yuderka mai gyaran gashi, wadda aka zarga ba da haƙƙinta ba.

Dilenia ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi wa uban ciwo ke nan. Kafin la'asar ta kama sabar haya, ta mayar da adireshin ƙungiyar manoma can. Ranar Alhamis da safe wasiƙar Baturen ta shigo, aka buga ta a injin shagon, Doña Brunilda ta sa hannu a kan kantar shagon tana tsaye, aka mayar. Kokon zai hau jirgi. Sai dai bayanan gonakin ɗari da arba'in, da sunan kowa da faɗin gonarsa da irin takin da yake zubawa, waɗanda mai sayen zai turo a duba wata mai zuwa, sun bi marigayiyar. Doña Brunilda ta sa an sauke kwali uku na tsoffin littattafan rubutun hannu a shagon.

"Da yatsun da ka danna, da su za ka sake bugawa," ta ce. "Gona gona."

Ya ce to. Yana gona ta goma sha tara.

Waɗanda suka ziyarce shi sun ce ya rame. Ya duba sabon allon da 'yarsa ta buɗe masa, komai kore ne, ba abin da yake buƙatarsa. Ya tambaye ta a wane gari sabuwar take, ta ce ita ma ba ta sani ba, wataƙila Miami. Ya ce shi bai san yadda ake kula da abin da ba a jin numfashinsa ba. Doña Nereida ta ce ta same shi jiya a ɗakin baya da kofi a hannu, kofin ya huce, sai ta ajiye masa farantin ayaba a gefe ta fita.

Marigayiyar ta bar shafuka ashirin da biyu marayu, ciki har da na coci, da na otal, da na ƙungiyar 'yan acaɓa, da na wani ɗan takarar kansila da ya faɗi zaɓe shekara takwas da suka wuce amma shafinsa bai daina alkawarin gyara gada ba. Ta bar na'urar fotokwafi, abokiyar zamanta, wadda ita ma tana fama da cin takarda. Ta bar fanka, da batira biyu da suka riga suka sami wani gidan, da kyanwa wadda yanzu take kwana a kan injin firiza.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a tsakar gidan Taveras. Padre Leoncio ya ce ba zai yi mata addu'a ba, amma zai zo cin abinci. Za a cire faifan a binne a gindin mangwaro. Gangar jikin kuwa Doña Nereida ta riga ta auna ta, ta ce za ta dace da shukar albasa. Zaman makoki kwana tara ne kamar yadda aka saba, za a raba kofi da biskit, ranar ta taran akwai farfesun sankocho. Ana roƙon duk mai shafi a cikin marigayiyar ya zo da abin da yake da shi na tsoffin hotuna ko takardu, ko ya zo da abin da ya tuna shafinsa yana faɗa. Wanda ya iya buga rubutu ya zo da wuri, akwai kujera da littafi ɗaya na Doña Brunilda da ke jiransa.

Masu niyyar aiko da ta'aziyya ta imel su yi haƙuri su tako da ƙafa. Akwatin Don Eufemio yana cikin mamaciyar.