Lantarkin Laka

Ɗan ƙanwata Sani ne ya mai da ni abin dariyar Yelwa, kuma ban yafe ba. Yelwa na cikin Jihar Sakkwato lokacin, ya zo daga jami'a, na kai shi bakin Kainji ɗibar laka. Ya ce cikinta akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu ɗauke da wani jan sinadari irin na jini, da ƙarfe a ciki, kowane ƙarfe na miƙa wa na kusa da shi lantarki.

Na yi firamare, don haka na gane. Na cika durom da laka, na soka wayoyi, na ɗaura ƙwan fitila, na tara maƙwabta bayan magariba. Muka zauna cikin wari, sauro na cin mu. Can Liman ya ce, "A kawo aci-balbal mu duba ko ya kama."

Har yau Injiniya ake kirana a kasuwar kifi. Da Sani ya dawo, cewa ya yi, "Kawu, ai lantarkin ɗan mitsitsi ne, sai na'ura ke jin sa."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa tun ina da mutunci?"